Ido Ba Mudu Ba Ne, Amma Ya San Ƙima: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinonin Ilimi Na Jihohin Arewa

Zuwa ga masu girma Kwamishinonin Ilimi da shugabannin hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohinmu na Arewa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ina roƙon Allah ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku.

Ni malamin lissafi ne a wata ƙaramar sakandaren gwamnati, aji ɗaya da aji biyu nake koyarwa, kuma na daɗe da alli a hannu. Ba maganar albashi ko rufin aji ce ta sa na rubuto ba, ko da yake su ma suna da ranarsu. Wani abu ne da nake gani kowace shekara ya hana ni sukuni, na ga in na ci gaba da yin shiru ban sauke haƙƙin yaran nan ba.

A makon farko na zangon farko, na rubuta 1/4 da 1/8 a kan allo, na tambayi sababbin 'yan aji ɗaya wanne ya fi girma. Hannuwa suka tashi, mafi yawansu a kan 1/8, wai ai takwas ta fi huɗu. Cikin masu ɗaga hannun akwai wani yaro a bencin baya, ya ɗan girmi sauran, domin sai da ya yi nisa a makarantar allo kafin a sa shi boko. Da aka fita tara na kira shi gefe na ce, "Yaro, a karatunka na allo, rubu'i da sumuni wanne ya fi yawa?" Ko numfashi bai ja ba ya ce, "Malam, ai sumuni biyu ne ke yin rubu'i." Na ce to izu guda sumuni nawa ne? Ya ce takwas. Nusufi fa? Ya ce huɗu. Na ce Alƙur'ani duka fa, izu sittin? Ya ɗan lumshe ido ya ce ɗari huɗu da tamanin. Sai na ja shi gaban allo na nuna masa 1/8 na ce wannan shi ne sumuni, 1/4 kuma rubu'i. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Au, Malam, dama shi ne?"

Ranku ya daɗe, wannan tambaya tasa ita ta sa na ɗauki alƙalami. Yaron ya zo mana da ilimin a cikin kansa, cikakke, yana aiki da shi kullum. Shekarun da ya yi a firamare ba a sami wanda ya gaya masa cewa abin da ya sani da abin da ke kan allo abu ɗaya ne ba.

Ba shi kaɗai ba ne. Akwai wata yarinya da ke taya mahaifiyarta sayar da hatsi a gida, idonta ya fi nawa sanin awo. A littafinta ta rubuta 1/2 + 1/4 = 2/6, ta tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Na ce, "'Yata, in mai saye ya ce ki auna masa rabin kwano, sannan ya ce ki ƙara kwata, ina hatsin zai tsaya?" Ta ce saura kwata ya cika. Na zana mata kwano, muka raba shi shida, muka cika biyu, ta ga ko rabi bai kai ba. Ta ce, "Ta yaya zan ƙara kuma ya ragu?" Da bakinta ta kama kuskurenta. Abin da ya dame ni shi ne, da ban zo mata da kwanon ba, babu abin da zai ɗarsu a ranta game da 2/6. A wurinta lambobin littafi ba su da girma ko ƙanƙanta, zane ne kawai da ake jujjuyawa yadda malam ya ce.

Hausawa suka ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Wannan idon shi nake roƙon mu gina wa yara. Shi ne ke sa tela ya dubi yadi ya ce ba zai fitar da riga da wando ba, shi ne ke sa mai awo ya dubi buhu ya ce bai cika ba tun kafin a kwance bakinsa. A lissafi ma akwai irinsa: yaro ya dubi 7/8 ya san ta kusa ɗaya, ya dubi 5/9 ya san ta ɗan haura rabi, ya dubi amsar da ya samu ya ji a jikinsa cewa ba za ta yiwu ba. Wanda ba shi da wannan idon, ko ya haddace dokoki ɗari, rana ɗaya zai manta guda, kuma ba zai san ya ɓata hanya ba.

Ya kamata mu yi wa yaran adalci, domin wurin yana da santsi da gaske. Shekara shida suna koyon lambobi cikakku, sun kuma koyi gaskiya: takwas ta fi huɗu, in ka yi sau abu yana ƙaruwa, in ka raba yana raguwa, bayan biyar sai shida babu komai a tsakani. Da zarar an shiga lambobin bisa, wato firakshan, duk waɗannan sai su juya musu baya. Lambar ƙasa tana ƙaruwa, kason yana ƙanƙancewa. Goma sau rabi ta ba da biyar. Uku a raba da rabi ta ba da shida. Tsakanin 1/3 da 1/2 akwai 5/12, tsakaninsu kuma akwai wasu, har ba iyaka. Ga lambobin ɗigo: yaro ya ga 0.25 da 0.5 ya ce ta farko ta fi, saboda ashirin da biyar ta fi biyar. Da can mukan ce kwabo 25 da kwabo 50, magana ta ƙare. Yaran yanzu ba su taɓa sayen komai da kwabo ba, dole sai mun nemo musu lita da kilo da mita. Yaron da ya yi irin wannan kuskure ba daƙiƙi ba ne, tsohuwar doka yake bi a inda ba ta aiki, kuma ba a tsaya an nuna masa inda iyakarta take ba.

Matsalar ba tamu ce mu kaɗai ba. A Amurka, a wata jarrabawar ƙasa ta ƙarshen shekarun 1970, an ce wa 'yan shekara 13 su kintaci amsar 12/13 + 7/8, aka ba su zaɓi tsakanin 1 da 2 da 19 da 21. Kashi 24 cikin ɗari ne kaɗai suka ce 2, fiye da rabinsu suka zaɓi 19 ko 21. Abu biyu ne, kowanne bai cika ɗaya ba, amma aka ce jimlarsu ta kai ashirin da ɗaya. A 2012 kuma Robert Siegler da abokan aikinsa suka fitar da binciken da suka yi a kan bayanan yara a Amurka da Birtaniya. Sun gano cewa yadda yaro ya fahimci firakshan da rabawa yana ɗan shekara goma yana nuna yadda zai kasance a aljabara da lissafi gaba ɗaya bayan shekara biyar ko shida, ko da an yi la'akari da arzikin gidansu da sauran basirarsa. Mu da ke aji mun san haka tun kafin a rubuta. Ɗalibin da ke kuka da aljabara da kimiyya a babbar sakandare, in ka bi sawunsa baya, sau da yawa a nan za ka tarar ya faɗi, a aji ɗaya, ba a kuma ɗaga shi ba.

To yaya muke koyarwa? Mu faɗi gaskiya. Mukan shigo mu rubuta doka: nemo LCM, wato ƙaramar lambar da lambobin ƙasa duk suke shiga, raba, yi sau, tara. In rabawa ce, juya ta biyun ka yi sau. Misali uku a allo, aiki goma a littafi, mako mai zuwa sabon babi. Duk da Turanci, ga yaron da har yanzu yake fama da harhaɗa jimla. Ya ji kalmomin, ya maimaita su da ƙarfi tare da 'yan aji, amma babu hoton komai a ransa. Tambayi yaro me ya sa ake juya ta biyun, zai ce haka Malam ya ce. Tambayi malamin ma, da yawanmu haka namu malamin ya ce. Ba gori nake yi wa abokan aikina ba, abin da aka ba mu shi muke bayarwa. Alhali bayanin yana shagon tela: yadi uku ne a hannunka, za ka yanka rabin yadi rabin yadi, ƙyalle nawa za ka samu? Kowane yaro zai ce shida, domin kowane yadi rabi biyu ne a cikinsa. Juyawar ke nan, ba wani sihiri.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne, mu ba baƙin wannan ilimi ba ne. Harshenmu cike yake da sunayensa: rabi, sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, tumuni, ushiri. Tsohuwar da ba ta taɓa taka ƙofar boko ba ta san tumunin takaba. A cikin Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176, kason gado guda shida aka ambata: rabi, da rubu'i, da tumuni, da sulusi biyu, da sulusi, da sudusi. Malamanmu na zaure sun yi ƙarnuka suna tara waɗannan kaso suna fitar wa kowa haƙƙinsa. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da ɗa namiji. Mata tumuni, uwa sudusi. Malam zai ce asalin mas'ala ashirin da huɗu, mata uku, uwa huɗu, saura goma sha bakwai na ɗa. In abin da ya rage bayan biyan bashi da wasiyya naira 240,000 ne, mata ta ɗauki 30,000, uwa 40,000, ɗa 170,000. Asalin mas'alar nan shi ne LCM ɗin da muke wahalar da yara a kansa, ƙaramar lambar da takwas da shida duk suke shiga. Bambancin kawai, a zaure an san dalilin neman ta: ana son ma'auni guda da zai auna kason kowa.

Har abin da ya wuce ɗaya sun sani. Mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai: rabi da sulusi biyu, uku da huɗu cikin shida, jimla bakwai cikin shida. Dukiya ba ta kai ba. Tun zamanin Sayyidina Umar aka warware ta da auli, aka mayar da asalin bakwai, kowa ya ɗan ragu daidai gwargwadon kasonsa. Ranar da na kawo wannan a aji biyu, yaran da kansu suka yi ta gardama a kan yadda 7/6 za ta yiwu, kuma ban taɓa ganin sun riƙe wata lamba kamar yadda suka riƙe ta ba. Al-Khawarizmi, wanda ya rubuta littafin da aljabara ta samo sunanta a Bagadaza wajen shekarar 820, babban ɓangare na littafin a kan lissafin gado da wasiyya ya yi shi. Katsina ma ta haifi Muhammad al-Kashinawi, masanin lissafi da ya yi rubutu a kan jera lambobi cikin gidajen hatimi, ya rasu a Alƙahira a 1741. Yaranmu ba su taɓa jin sunansa a ajin lissafi ba.

Ba ina cewa malamin lissafi ya zama mai raba gado ko mai ba da fatawa ba, wannan yana da masu shi. A ajina kuma akwai 'ya'yan Kirista, nawa ne kamar kowa. Kasuwa da gona da asibiti na kowa ne, misalai kuwa ba sa ƙarewa. Iyayenmu sun yi ciniki da fam mai sule 20, sule mai kwabo 12, sisi rabin sule, taro kwatansa, har aka kawo naira ranar 1 ga Janairu 1973, kuma ba a cuce su a canji ba. Yaron Maraɗi yana ganin an rubuta sefa 500 ya ce dala ɗari, ya raba da biyar a kansa bai ma san ya yi ba. Mai POS ya cire naira 100 a kan 5,000, kashi nawa ke nan cikin ɗari? Buhun taki an rubuta 15-15-15, me lambobin ke nufi? Zakkar kuɗi ɗaya ce cikin arba'in, ita ce 2.5 cikin ɗari, ita ce 0.025, naira 25 a kowace dubu: lamba ɗaya da riga uku, kuma yaro sai ya gane cewa ita ce dai a kowace riga. Uwar da aka ce ta ba jariri 2.5 na maganin ruwa, in ba ta san inda 2.5 take tsakanin 2 da 3 ba, ba maki za ta rasa ba, lafiyar ɗanta ce a hannunta. Lambobin ƙasa da sifili ma, ka ce wa yaro bashi, ya gane nan take.

Na san manhaja daga hukumar NERDC take zuwa, ba ku kuke rubuta ta ba. Amma rabon darussa mako mako, da masu zagayen duba makarantu, da jarrabawar kammala aji uku ta jiha, da bitar malamai, duk a hannunku suke. Nan roƙona yake.

Ku ba mu lokaci. Wannan shi ne babba. Akwai shekarar da na tsayar da jadawali na mako uku, na ɗaura igiya daga taga zuwa taga, na maƙala 0 a wannan gefe, 1 a tsakiya, 2 a wancan. Kowane yaro na ba shi guntun kwali da lamba a kai, 1/2, 0.75, 9/8, 2/4, 1.9, ya fito ya rataya ta inda yake ganin gidanta, 'yan aji su yarda ko su ƙi, kowa ya kawo hujja da Hausa ko da Turanci. Wanda ke riƙe da 2/4 ya zo ya tarar 1/2 ta riga shi wurin, ya tsaya yana neman wani gurbin, sai wata yarinya ta ce, "Ɗora a kanta, ai gidansu ɗaya." Darasin da nakan kwashe mako ina bayani, ita ta gama shi da jimla guda. A cikin makonnin nan wani jami'i mai duba aiki ya zo, ya buɗe littafin shirin darasina, ya ga ina baya da babi biyu, ya rubuta cewa ban cika aiki ba. Bai tambayi yaro ko ɗaya komai ba. Ban riƙe shi a rai ba, abin da takardarsa ta ce ya duba shi ya duba. Ku ne za ku iya sauya takardar. A ware makonnin farko na aji ɗaya don a gwada yara a ga inda kowa ya tsaya, a gyara tushe kafin a ɗora gini, a kuma rubuta shi cikin jadawali don kada malamin da ya yi haka ya zama mai laifi. Dabarar koyar da yaro daga matakin da yake, wadda ƙungiyar Pratham ta fara a Indiya, an riga an gwada ta a firamarorin wasu jihohinmu. Ƙananan sakandare ma suna bukatarta.

Sai jarrabawa, domin abin da za a tambaya shi malami ke koyarwa. Muddin tambayoyin duk "sauƙaƙa wannan" ne da "nemo wancan", haddar doka za mu ci gaba da yi. Ku sa masu fitar da tambayoyi su sanya waɗanda ba a amsa su sai da ido: wacce ta fi kusa da ɗaya, 4/5 ko 7/8? Ba tare da lissafi ba, 0.48 sau 60 ta kai 30 ko ba ta kai ba? Wani ya ce 1/2 + 1/3 = 2/5, ta yaya za ka gane bai yi daidai ba? Shekara biyu kacal aka ga irin waɗannan a takarda, kowane aji a jihar zai sauya salo ba tare da kun aika da wasiƙa ba.

Bita kuma, a rage mana ta zama a zaure ana karanta mana takarda. A zaunar da mu da kara da almakashi da tef ɗin tela, mu naɗe takarda gida takwas, mu yi wa juna bayanin dalilin kowace doka har sai ta zauna mana, a kawo littattafan yara na gaske mu duba kurakuransu mu gano tunanin da ya haife su. Malaman aji biyar da shida na firamare su zauna tare da mu, tunda yaran daga hannunsu suke zuwa namu. Ku kuma isar da wannan ga kwalejojin ilimi na jihohinku, inda ake yaye waɗanda za su gaje mu.

Game da harshe, ban ce a bar Turanci ba, da shi za su rubuta jarrabawa, dole su iya shi. Abin da nake roƙo kada a ɗauki malamin da ya ce "sulusi" kafin ya faɗi sunansa na Turanci a matsayin wanda ya karya doka. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon firamare, ya nuna cewa fahimta da harshen gida ba ta hana yaro Turanci. A bar mu mu kafa ma'ana da harshen da yaro ke tunani da shi, sannan mu ɗora mata sunan da zai gani a takarda.

Kusan duk abin da na roƙa ba ya cin kuɗi. Igiya da kwali da kwanon awo ne, sai izini daga gare ku. Kafin ku yanke shawara, ina roƙon kowannenku ya ɗauki safiya guda, ba tare da sanarwa ba, ya shiga aji ɗaya a kowace makaranta ya ga dama, birni ko ƙauye. Ya rubuta 1/4 da 1/8 a allo ya tambayi wanne ya fi, ya ƙirga hannuwa. Sannan ya ajiye alli ya tambaye su da Hausa, kwatan kwano da rabin kwata wanne ya fi yawa, ya sake ƙirgawa.

Allah ya yi muku jagora, ya yi wa yaranmu albarka. Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Malamin lissafi a wata ƙaramar sakandaren gwamnati.